Kwana goma a gidan Umma da yara biyu

Tun daren da za mu tashi na san tafiyar nan ta bambanta da waɗanda na saba. A da jaka ɗaya nake ratayawa in shige mota. Wannan karon falo ya cika har babu wurin sa ƙafa: ƙunshin famfas biyu, fo ɗin Yaya, 'yar katifar jaririya, kayan canji masu yawa saboda tumbiɗi ba ya sallama, ma'aunin zafin jiki, tawul, ledoji, da wata tsohuwar motar roba mai taya uku da Yaya ba ya barci sai tana hannunsa. Yaya ɗanmu ne na fari, shekararsa 2 da wata 7. Tun da aka haifi ƙanwarsa muka koma kiransa haka, har sunan ya bi shi. Ita kuwa watanta 5. Maigida ya samu hutun ƙarshen shekara, ni ma ina hutu, sai muka shirya mu je mu yi kwana goma wajen Umma, wadda rabonta da jikokin tun kwanakin haihuwar ƙaramar.

Duk fargabata a kan jaririyar take. Ta yaya za ta jure zaman mota, ina zan shayar da ita, me zan yi in zazzaɓi ya kama ta a hanya. Shi kuwa Yaya ko a lissafi ban sa shi ba. Yana tafiya da ƙafarsa, yana faɗin abin da yake so, ya daina fitsari a wando tun wata biyu baya. A raina ya girma.

Mun fita tun kafin gari ya waye domin barci ya rage mana hanya. Tafiyar awa 5 ce in babu tsayawa. Maigida ya ɗaura kujerun yaran a baya tun dare, ta Yaya tana kallon gaba, ta ƙanwarsa tana kallon baya. Dalili shi ne kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, in aka taka birki da ƙarfi bayan kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ni na zauna a tsakaninsu, kafaɗuna a matse, hannu ɗaya nan ɗaya can. Mun yi alkawari ba za mu bar ta ta wuce awa 2 a cikin kujerar a jere ba, kamar yadda ake ba da shawara, domin jariri in ya daɗe a kishingiɗe kansa kan rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, numfashi ya takura. Saboda haka duk bayan awa 2 sai mu nemi wuri mu tsaya, in ciro ta, in shayar da ita, in sa ta a kafaɗa har ta yi gyatsa.

Ashe ita ce mai sauƙin. Ƙarar inji kamar waƙar lallashi ce a wajenta. Yaya ne ya farka wajen ƙarfe bakwai ya ce a sauke shi. Na yi masa waƙa, na nuna masa manyan motoci, duk bai ɗauke shi minti goma ba. Da ya fara harba ƙafa a bayan kujerar babansa sai na miƙa masa wayata na kunna masa katun. Mota ta yi tsit, na ji daɗi. Bayan kamar rabin awa ya ɗago, fuskarsa ta yi fari fat, gumi a goshinsa, ya ce, "Mama, cikina." Kafin in buɗe leda ya amayar da komai a kan rigarsa da bel da cinyata.

Laifina ne, kuma na san dalilin tun kafin in miƙa wayar. Ido yana kan allo yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune ake wuri ɗaya, can cikin kunne kuwa, inda jiki yake auna daidaitonsa, ana jin kowace kwana da kowane gargada. In saƙonnin biyu suka saɓa sai tashin zuciya ya biyo. Jarirai ba su cika yinsa ba, daga wajen shekara 2 yake somawa, ya yi ta damun yara har kusan shekara 12. Yaya ya shigo shekarun, ni kuma ina ganinsa kamar yadda yake a tafiyarmu ta bara.

Mun tsaya a wani gidan mai muka wanke shi. Lokacin rana ta fara zafi, jaririya tana barci a kujerarta. Maigida ya ce, "Maman Yaya, bar ta kawai, minti biyu ne, zan ɗan sauke gilashi." Na ce, "Abban Yaya, gara ta tashi." Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri sau 3 zuwa 5 fiye da na babba, kuma ɗan sauke gilashi ba ya hana cikin mota zama tanda. Ga shi minti biyun iyaye masu wanke amai ba ya tsayawa a biyu. Bai yi musu ba, ya ciro ta ya rungume, ta farka ta yi kukanta, ni kuma na ci gaba da goge Yaya. Hanyar awa 5 sai da ta ci mana 8.

Akwai abin da ya faru a ƙofar gidan Umma wanda a lokacin na gani da ido kawai, sai daga baya ya dawo mini. Muna tsayawa Umma ta fito, ƙannena biyu na biye da ita. Hannu shida duk suka miƙo wajen jaririya. "Kai, ta yi ƙiba! Ga kumatu! Wa ta ɗauko?" Aka shige da ita ciki ana ta murna. Yaya yana tsaye jikin tayar mota, sanye da rigar canji da ta yi masa yawa, motarsa ta roba a ƙirji. An ce masa sannu da zuwa, an shafa kansa a wuce. Bara da muka zo, shi aka yi wa wannan rububin. Na ce masa, "Taho mana, Yaya," ina jan jaka, ban ko sunkuya ba.

Daren farko babu wanda ya runtsa. Ɗakin baƙo ne a wajensa, hasken da ke shigowa ta taga daban, ƙarar fanka daban. Ga gida cike da mutane ana hira har sha ɗaya, shi ma yana cikinsu yana tsalle a kan kujeru, kowa na cewa ai hutu ne, a bar shi. Barcin rana ma ya wuce shi. Wanda bai yi renon yara ba zai ɗauka yaron da ya gaji sosai faɗuwa zai yi ya yi barci. Ba haka abin yake ba, gajiyar in ta wuce wuri zaburar da shi take yi. Ƙarfe ɗaya na dare yana kuka yana cewa a tafi gida. Kukansa ya tashi ƙanwarsa, nata ya ƙara tunzura shi.

Kwana biyun da suka biyo sai na rasa gane ɗana. Ya yi fitsari a wando sau uku, ga fo a gabansa. Ya daina magana sosai ya koma gwaranci irin na jarirai. In ina shayarwa sai ya hau cinyata ta ɗaya ɓangaren yana jan rigata, shi da aka yaye tun ya shekara ɗaya da rabi. Kalmarsa ɗaya ce: "Ajiye ta." Na san yara kan koma baya in an yi musu ƙani ko an sauya musu wuri, na sha ji. Amma sani daban, haƙuri a gaban mutane daban. Kunya nake ji, ina ganin kamar kowa na auna tarbiyyata.

A tsakanin nan muka ɗan yi sa-in-sa da Umma a kan ruwa. Da rana ta ga jaririya tana tsotsar hannu, sai ta ɗauko ƙaramin cokali da kofi. Na ce, "Umma, don Allah ki yi haƙuri, ba ta fara shan ruwa ba." Ta dube ni. "Cikin wannan zafin? Ku duka na ba ku, me ya same ku?" Maganar ta yi mini nauyi, domin ba abu ne mai sauƙi ba ka gyara wa wadda ta rene ka. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, nonon ma ya ragu, ga haɗarin gudawa. In ana zafi, ƙara yawan shayarwa ake yi. Umma ta ajiye cokalin ta ce, "To, ku ne 'yan zamani." Ba ta gamsu ba, amma ba ta sake ɗaukowa ba, kuma daga ranar duk sanda na zauna shayarwa sai ta aiko mini da babban kofi cike da ruwa, ta ce tunda ta wajena jikarta take sha, to in sha.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba kafin mu taso shi ne gidan da ya daɗe babu ƙaramin yaro ya manta yadda ake zama da shi. Maganin hawan jinin Umma yana kan ɗan teburin gefen gadonta, daidai tsayin idon Yaya, ƙwayoyi ƙanana masu launi. Almakashi a kan kujera. Wayar dutsen guga tana lilo. Ranar ta uku da safe na neme shi na rasa, gidan ya yi shirun da duk uwa ta san ba na lafiya ba ne. Na same shi a banɗaki ya ɗage a kan yatsun ƙafa, cikinsa a kan bakin wani babban bokiti, hannunsa ya nutse har kafaɗa yana lalubo motarsa da ta faɗa ciki. Ruwan bai kai rabi ba. Na fizgo shi, ƙafafuna suna rawa. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci a duniya, kuma ba sai kogi ba. Kansu ya fi sauran jikinsu rinjaye, in suka kifa cikin bokiti ba sa iya ɗagowa, ba kuma a jin ihu. A ranar maigida ya durƙusa ya zaga gidan da gwiwa, ɗaki ɗaki, yana duba abin da ido mai wannan tsayin zai hango. Aka kai magunguna saman kabad, aka sa sakata a ƙofar banɗaki daga sama, aka ce duk wanda ya gama da bokiti ya zubar ya kife.

Da yammacin ranar ne abin ya kai ƙarshe. Na kwantar da jaririya a kan shimfiɗa ina ninke kaya, sai na ji ta tsala ihu. Yaya ya kama naman cinyarta ya mintsine, har wurin ya yi ja. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba. Na kama hannunsa da ƙarfi na ce, "Mugu! Kai wane irin yaro ne?" Bai yi kuka nan take ba. Ya tsaya yana kallona, leɓensa na ƙasa yana rawa, sannan ya juya ya shige bayan labule ya tsugunna. Ina hango yatsun ƙafarsa ta ƙasan labulen.

Umma tana zaune tana ganin komai. Ta bari sai da na rarrashi jaririyar ta yi shiru, sannan ta miƙo hannu ta karɓe ta. Ta ce, "Tun da kuka zo nake kallonki. Sau nawa kika ɗauki yaron nan?"

Na buɗe baki zan ce ai ya girma, sai na kasa.

Ta ce, "Wannan ba ta san hannu ba tukuna, duk wanda ya ɗauke ta daidai ne, in dai ta ƙoshi. Shi kuwa ya sani. Nemanki yake yi, bai san yadda zai faɗa ba. Bar mini ita, ki je wajen ɗanki."

Gaskiyarta. Ƙiwa ba ta cika bayyana ba sai jariri ya kai wata 6 zuwa 9, lokacin da zai fara jin tsoron baƙuwar fuska. Tawa ba ta kai ba, kowa take yi wa dariya. Wata biyar ina riƙe da wadda za ta yarda da hannun kowa, ina cewa wanda ba ya son hannun kowa sai nawa, "Jira, Yaya. Bari in gama, Yaya. Kai babba ne, Yaya." A gidanmu ban lura ba, domin rana tana da tsarinta, tana tafiya da kanta, shi ma yana da gadonsa da kusurwar wasansa da zai fake. Tafiya ce ta kwashe masa waɗannan duka, ya rage ba shi da komai sai ni, ni kuma hannuna a cike.

Na je bayan labulen na tsugunna. Na ce, "Yi haƙuri, na yi maka tsawa. Mintsini da zafi, ba a yi wa ƙanwa. Amma kai ba mugu ba ne." Ban sani ba ko ya fahimci rabin maganar. Ya dai faɗo jikina, sai a lokacin kukan ya zo.

Washegari da safe, bayan na shayar da jaririya ta ƙoshi, na miƙa wa Umma ita, na sa wa Yaya takalmi muka fita mu biyu. Ba wani wuri muka nufa ba, bayan gida ne kawai inda akwai fili da 'yan bishiyoyi. Muna fita ya tsaya ya dubi hannuwana, ya leƙa bayana.

"Ƙanwa fa?"

"Tana wajen Kaka."

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

Sai ya ɗaga hannu biyu sama. Na ɗauke shi. Nauyinsa ya ba ni mamaki, ƙafafunsa har suna dukan gwiwata, kuma a nan na gane an daɗe rabon da in san nauyin ɗana. Ya sa fuskarsa a wuyana, muka yi 'yar tafiya a haka, sannan da kansa ya ce a sauke shi.

A gindin wata bishiya ya ga layin tururuwa. Ya tsugunna, hannayensa a kan gwiwa, ni ma na tsugunna. Wasu guda huɗu sun kama fiffiken fara suna ja, ya fi su girma nesa ba kusa ba. Suka kai shi bakin wani ɗan tsakuwa ya maƙale. Suka ja ta nan, suka saki, suka zagaya ta can. Yaya ko ƙiftawa ba ya yi. Ya sa yatsa zai taimaka musu, sai ya fasa, ya dube ni. Na ce bari mu gani. Can wata ta biyar ta zo ta kama gefe, fiffiken ya juya ya wuce. Ya yi wata dariya da na kwana biyu ban ji ba, ya ce, "Sun kai gida!" Mun fi minti ashirin a wurin. Babu wanda ya ce masa yi sauri.

Haka muka riƙa yi kowace safiya har muka taho, kamar awa guda. Wata rana tururuwa, wata rana tara duwatsu a aljihu, wata rana gudu kawai daga bishiya zuwa bishiya. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, da barcin awa 11 zuwa 14, kallon allo kuma ga ɗan shekara 2 kada ya wuce awa 1. Da na auna kwanakinmu na farko da wannan, sai na ga mun juya abin: barcinsa bai kai awa 9 ba, waya kuwa duk wanda ya ga yana rigima sai ya miƙa masa tasa. Na roƙi ƙannena su daina. Muka dawo da tsarin dare irin na gida, ko da hira ta yi daɗi: wanka, rigar barci, labari ɗaya da ya haddace amma yake so a maimaita, motar roba a hannu, a kashe fitila. Daren farko ya yi turjiya. Na biyu kafin in kai ƙarshen labarin ya tafi. Fitsarin wandon bai tsaya nan da nan ba, ya sake sau biyu, muka canja masa ba tare da magana ba, daga nan ya wuce.

Ba zan ce ya daina kishi ba. Har ranar tahowarmu in ya ga ina shayarwa yakan zo ya jingina da ni ya yi shiru. Sai dai na koyi matsa masa wuri, hannu ɗaya na tallafe da ita, ɗayan a bayansa.

Rana ta bakwai aka kwantar da jaririya a kan cikinta a tsakar ɗaki, kamar yadda muke yi mata kullum domin wuya da kafaɗu su yi ƙarfi. Mu manya muna hira, Yaya ne kawai ke kwance kusa da ita, haɓarsa a kan hannunsa. Sai muka ji ya ƙwala, "Mama! Ta faɗi!" Muka juyo a firgice. Tana kwance rigingine, idanu a buɗe, ita ma mamakin kanta take yi. Juyinta na farko ke nan, kuma shi kaɗai ya gani. Duk wanda ya shigo gidan a ranar sai Yaya ya ja shi ya ba shi labari, yana kwantawa a ƙasa yana nuna yadda ta yi. Umma ta ce, "Ai yayanta ne ya koya mata." Ya tsaya ya ɗaga ƙirji. Daga ranar muka daina barin ta a kan gado ko kujera ko na ƙiftawar ido, da dare kuma a rigingine a kan 'yar katifarta, babu filo babu tarin zannuwa.

Ranar komawa Umma ta rako mu har mota. Wannan karon Yaya ta fara ɗauka, ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta sumbaci ƙanwarsa. A hanya babu waya. Na ce ya riƙa kallon gaba ta gilashi yana gaya mini in ya hango babbar mota, muka ɗan sauke gilashi iska na shigowa. Bai yi amai ba. Awa 7 muka yi.

Muna shiga gida ya zaga ko'ina yana taɓa abubuwa, gadonsa, kujerarsa, ƙofar firji. Ni kuwa abin da ke raina shi ne nan babu Umma, babu ƙanne, hutun maigida saura kwana uku. Mun yi maganar a mota yaran suna barci, ya ce in ya koma aiki zai riƙa karɓar ta da yamma in ya dawo, ko na rabin awa ne.

Da safe kayan wanki sun yi tsibi a bakin ƙofa, jakunkuna ba a kwance ba, jaririya ta gama shan nono tana wasa da wuyan rigata. Sai ga Yaya ya fito daga ɗaki, takalmansa a hannu ɗaya, nawa ƙafa ɗaya a ɗayan hannun yana jan sa a ƙasa. Ya ajiye a gabana, ya je bakin ƙofa ya tsaya. Na dubi wankin. Na ɗaga murya na ce, "Abban Yaya, zo ka karɓe ta," sannan na shiga neman ɗaya ƙafar takalmin.